Labari Uku a Kan Baban Yara

Sati shida da rasuwar baban yara, malamar aji ta kira Maman Lauya a waya. Tana ƙasan otal a lokacin, a ɗakin wanki da guga inda ta shekara biyar tana aiki. Injinan wanki uku suna ta ruri, tururi ya cika ko'ina, sai da ta fita gindin matakala ta toshe kunne ɗaya da yatsa kafin ta ji abin da ake faɗa mata.

"Ba laifi ta yi ba," in ji malamar. "Da laifin ne ma da hankalina ya fi kwanciya. Yarinyar da ko lissafi ka ba ta sai ta yi gardama da amsar, yau sati uku ban ji muryarta ba. Jiya na ba su rubutu, ta miƙo min takarda fara fat."

Lauya ce babbar 'yarta, shekararta goma sha biyu. Ubanta ne ya laƙaba mata sunan tun tana koyon magana, don in aka ce mata zauna sai ta nemi dalili, sunan kuwa ya bi ta har ya haɗa da uwarta. Ƙaramar, Auta, shekararta bakwai.

Malamar ta ce akwai wasu mutanen unguwa da suke taruwa duk Asabar da safe a makarantar firamaren da ke bayan tashar mota, suna zama da yaran da aka yi wa rasuwa, da iyayensu. Ta ce a gwada, ko sati biyu ne. Maman Lauya ta yi godiya ta kashe waya, ta tsaya tana kallon bango. Kwana shida take aiki a sati, Lahadi kaɗai take miƙe ƙafa.

Maganar gaskiya, wanda ya rasun ba mijinta ba ne. Sun yi zaman aure shekara tara, suka rabu, yau shekara huɗu ke nan. Mai gyaran wutar lantarki ne, mutum mai fara'a, na kowa da kowa. Duk gidan da fitila ta mutu a unguwa shi ake kira, ya ajiye cokali ya tafi. Bayan rabuwar yakan zo ya ɗauki yaran ranar Lahadi, in ya tuna, in ya zo kuwa ana jin dariyarsu har titi. Zuciyarsa ce ta tsaya da rana tsaka, yana kan tsani a gidan wani. Ranar ta kai yaran gidan kakarsu, ta yi gaisuwa, ta samu lungu ta zauna kamar baƙuwa. Ta jira hawaye, bai zo ba. Abin da ta ji nauyi ne kawai a kafaɗa, irin na wanda aka ƙara wa kaya yana tsakiyar hawan tudu.

Ta roƙi shugabar ɗakin wanki ta sakar mata safiyar Asabar, ta riƙa ramawa da yamma. Matar ta yarda, bayan ta gama jan aji.

Azuzuwa biyu makarantar ta ba da aro. A ɗaya an ture tebura jikin bango, an shimfiɗa darduma, an zuba takardu da fensiran kala. Nan yara suke tare da wata malamar zane. Auta ta shige ba ko waiwaye. Lauya ta tsaya a bakin ƙofa ta rungume hannu, sai da malamar ta ce mata ba dole sai ta yi magana ba, tana iya zama ta yi kallo, sannan ta cire takalmi.

Iyaye kuwa ajin 'yan shekarar farko aka kai su, inda kujeru ba su kai gwiwar mutum ba. Mai jagorantar zaman tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, kowa Sista yake ce mata. Mace ce mai jiki, ga ciwon gwiwa, ita kaɗai take zama a kujerar malami, ba ta kuma ɓoye cewa son kai ne. Ta zo da filas biyu na shayi da kofunan roba.

"Ƙa'idarmu biyu ce," ta ce wa Maman Lauya. "Abin da aka faɗa a nan, a nan yake kwana. Sannan ba a ce wa kowa ya yi haƙuri. Duk wanda ya shigo ɗakin nan an riga an ba shi haƙuri sau dubu, ya ƙoshi."

Su tara ne ranar. Akwai Direba, dogon mutum mai tuƙa bas, wanda matarsa ta rasu ta bar masa yara uku. In ya zauna, gwiwoyinsa kusa da haɓarsa suke. Ya ba da labarin yadda ya haɗa fararen kayan makarantar yaransa da jan tawul a wanki, ranar Litinin duk suka tafi makaranta ruwan hoda. Aka yi dariya, shi ma ya yi, sannan ya rufe fuska da tafin hannu na ɗan lokaci, ba wanda ya ce masa komai. Akwai kuma Tela, mace ɗanya da ba ta wuce ashirin da shida ba, wadda mijinta ya rasu a haɗarin mota ya bar ta da 'yan biyu.

Da layi ya zo kanta, Maman Lauya ta ce, "Baban yarana ne ya rasu. Sati bakwai ke nan."

Ba ƙarya a maganar, amma ta ga yadda suka ɗauke ta. Tela ta jawo kujerarta ta dafa mata hannu.

"Sannu Yaya. Watannin farkon nan mutum ba ya ma sanin inda kansa yake."

Ta buɗe baki za ta gyara, sai na kusa da ita ya fara tasa maganar, dama ta wuce. A sati na biyu gyaran ya yi mata nauyi. A na uku ya zama abin kunya.

Ta ci gaba da zuwa. Tana zama ta riƙe kofin shayi tana sauraro. Wannan ta ce har yanzu ba ta wanke rigar mijinta ta ƙarshe ba. Wancan ya ce yakan kira lambar matarsa don ya ji an ce a kashe take. Ita ba ta da riga, ba ta da lambar da take marmarin kira. Tana jin kanta kamar wadda ta shiga gidan biki ba gayyata aka kuma ba ta wurin zama mai kyau. Duk da haka ba ta fasa ba, saboda Auta ta daina fitsarin kwance da ta koma yi tun rasuwar, tana dawowa gida da zane-zane da tambayoyi.

"Mama, in mutum ya mutu yana jin yunwa?"

"Ba ya ji."

"To gajiya fa?"

"Ita ma ba ya ji."

"To da sauƙi," in ji Auta, ta koma kan zanenta.

Lauya kuwa tana nan jiya i yau. Tana shara, tana wanke-wanke, tana raka ƙanwarta makaranta, amma tsakaninta da uwarta daga to sai a'a.

A sati na biyar malamar zane ta ba kowane yaro littafi mai kauri, ta ce su yi wa wanda suka rasa littafi nasa. Manyan cikinsu ta ce su nemo labari uku da ba su sani ba, na kafin a haife su ko suna jarirai, su tambayi manya a gida.

Ranar Alhamis da yamma Maman Lauya ta dawo daga aiki, ta hau bene biyu da kyar, ta zauna a bakin gado ta tsoma ƙafafunta a robar ruwan ɗumi. Tsayuwar awa tara gaban teburin guga ta sa jijiyoyin ƙaurinta sun fito ruɗu-ruɗu. Lauya ta zo ta tsaya a kanta da littafin da biro.

"Labarin Baba da na ce miki."

"Ki bari sai gobe. Kin ga yanzu na shigo."

"Jiya ma gobe kika ce. Shekaranjiya ma haka."

"To ai goben ba ta ƙare ba."

"Ba ki da labarin ne, ko faɗa ne ba kya so?"

Rabon yarinyar da ta yi mata magana mai tsawon haka an fi wata biyu. Maman Lauya ta ɗaga kai ta dube ta. Idanun ubanta ne sak.

"Lauya, na gaji."

"Kullum kin gaji. Ranar da ya rasu ma gajiyar ce? Ina kallonki. Kowa ya yi kuka, har mai shagon layinsu ya yi kuka. Ke ko ɗigo." Muryarta ba ta ɗagu ba. "Kin huta ai. Yanzu ba mai zuwa ya ƙwanƙwasa miki ƙofa."

Maganar ta taso wa uwar tun daga ciki. "Kin san waye ubanki kuwa? Kin san abin da ya..."

Ta tsaya. Auta tana kwance rub da ciki a ƙasa, fensir a baki, tana kallonsu. Maman Lauya ta haɗiye sauran kamar ƙwayar magani ba ruwa.

"Je ki sauke tukunyar can kada ta ƙone," ta ce.

Ga abin da ta haɗiye. Bayan haihuwar Auta, ta sake samun ciki. A wata na takwas, wata safiya, ta ji ɗan ya daina motsi. Mijin ya fita tun da sassafe. Wani abokinsa ne ya roƙe shi ya je wani gari ya ja masa wuta a sabon gida, bai kuwa faɗa mata ba don ya san za ta hana. Wayarsa a kashe. Ta bar yaran wurin maƙwabciya ta hau bas ita kaɗai. Ita kaɗai ta ji abin da likita ya faɗa, ita kaɗai ta yi naƙudar da ta san ba kukan jariri a ƙarshenta. Sai bayan kwana biyu ya iso, ya tsaya a bakin gadon asibiti yana jujjuya mukulli a hannu, ya ce caji ne ya ƙare masa. Daga ranar bai ƙara tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Ta yi wata shida tana jiran ya ce wani abu. Da bai ce ba, ta tattara yaranta ta fita. Mutane suka yi ta mamaki, mutum kamar wannan, ba duka ba zagi, me take nema kuma. Ba ta yi wa kowa bayani ba.

Asabar ta zagayo. Ranar Tela ce ta fi kowa magana. Ta ce dangin mijinta sun fara cewa ta isa ta ware, ta ce ta gaji da a riƙa auna mata baƙin cikinta kamar yadi. Sai ta juyo wurin Maman Lauya.

"Ke nake kallo, Yaya, nake samun ƙarfi. Naki mijin ya rasu bayan nawa, amma dubi yadda kika daure. Ki koya min."

Maman Lauya ta ajiye kofinta a ƙasa a hankali.

"Ba mijina ba ne," ta ce. "Mun rabu shekara huɗu kafin ya rasu. Ni na bar shi. Ba dauriya kike gani ba, ƙanwata. Ban yi kuka ba ne don kukan bai zo ba, ban ma sani ba ko zai zo. Tun ranar farko ya kamata in faɗa. Ku gafarce ni, na zauna a wurin da ba nawa ba."

Tela ta janye hannunta ta ɗora a cinya, tana kallon ƙasa. Direba ya gyara dogayen ƙafafunsa.

"Ni dai ban ga an rubuta sunan kowa a kujerun nan ba," ya ce. "In ma an rubuta, na 'yan shekara shida ne, dukkanmu aro muka yi."

Wasu suka yi 'yar dariya. Tela ba ta yi ba, har aka tashi ba ta ƙara kallonta ba.

Sista ta tsayar da Maman Lauya bayan an watse, ta ce ta taya ta ɗauraye kofuna a famfon tsakar makaranta.

"Na sani tun ranar farko," in ji Sista tana miƙo mata kofi. "Autarki ba ta cika minti biyar a ajin can ba sai da ta gaya wa kowa Mama da Baba ba gida ɗaya suke ba, har da launin ƙofar kowane gida."

"Kika ƙyale ni ina ta ɓoye-ɓoye?"

"Maganarki ce, ba tawa ba. Tela kuma ki bar ta, za ta huce, ko kuma ba za ta huce ba. Ba ke kika kashe mata miji ba." Ta girgiza kofi ta kife. "Ina labarin babbar? Malamarsu ta ce littafinta ba komai."

Maman Lauya ta gaya mata yadda suka yi, ban da maganar jaririn. "Na nemi abin alheri da zan faɗa a kansa, Sista. In na laluba sai in tarar da ɓacin rai ya zauna a kai."

"To kada ki yi mata ƙarya, yarinyar nan za ta gane tun kafin ki rufe baki. Kada kuma ki zuba mata naki kayan, ba ta isa ɗauka ba. In ke ba ki da shi yanzu, kai ta wurin mai shi. Uwarsa tana raye?"

"Tana nan."

"Yaushe rabon yaran da ita?"

Maman Lauya ta lissafa a ranta. Tun ranar gaisuwa.

Haka Lahadin hutunta ta tafi. Bas biyu suka hau, na biyun a tsaye. Tsohuwar tana zaune ita kaɗai a ɗaki biyu a bayan wani shagon kafinta, inda ɗan nata ya koma da zama bayan rabuwar. Da ta buɗe ƙofa Maman Lauya ta tsorata da ramar da ta yi. Jakar kayan aikinsa tana rataye a bayan ƙofa, takalmansa a jere a ƙasa kamar yanzu zai fito ya sa.

"Ashe kuna tunawa da ni," in ji Kaka. Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta rungume yaran ta daɗe ba ta sake su ba, sannan ta dubi uwarsu. "Shigo mana, 'yata. Ko sai na aiko miki da takarda?"

"Ina wuni, Inna. Ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri ya zama dole. Zauna."

Da Lauya ta fito da littafinta ta faɗi abin da ya kawo su, tsohuwar ta gyara zama, fuskarta ta ɗan saki. Ta ce yana ɗan shekara tara ya kwance rediyon ubansa kaf, don ya ga mutanen da suke magana a ciki. Da ya kasa mayarwa sai ya zuba kayan a tukunya ya rufe, ya shige ƙarƙashin gado. Uban ya dawo zai ji labarai, aka nemi rediyo aka rasa, sai da ta zo ɗora girki ta buɗe tukunya.

"An dake shi?" Auta ta tambaya.

"An so. Kakanku ya ɗaga hannu sai dariya ta ci ƙarfinsa. Washegari ya kai shi wurin mai gyara ya ce ga almajirinku nan, ku koya masa mayarwa."

Na biyu, ta ce babansu da yake hawa falwaya ba ko gezau, kaza yake tsoro. Tun wani zakara da ya bi shi yana ɗan shekara huɗu, har ya yi gemu in ya shiga gida aiki ya ga kaji sai ya ce a kora su tukuna, wai kada su taɓa waya. Auta ta yi dariya har da faɗuwa. Lauya ba ta yi ba, amma bironta yana ta gudu a kan takarda, ta ma tsayar da kakar sau biyu tana tambayar launin zakaran da sunan mai gyaran.

"Na uku fa, Kaka?"

"Na uku ba wurina yake ba. Ni yaro na sani. Wanda ya zama babanku, uwarku ce ta san shi."

Lauya ta rufe littafin.

Maman Lauya ta tashi ta shiga kicin don ta dafa musu shayi. Ta tarar da kwanuka na kwana da kwanaki a jibge, tukunya da sauran abinci ya bushe a ciki. Ta naɗe hannun riga ta hau wankewa. Tsohuwar ta biyo ta ta jingina da ƙofa.

"Bar su, kin zo hutawa."

"Yanzu zan gama, Inna. Kina cin abinci kuwa?"

"Ina taɓawa." Ta rage murya. "Ban taɓa ganin laifinki ba, ko da ban faɗa ba. Ka haifi ɗa ne, ba ka haifi halinsa ba. Maganar yaron nan da kuka rasa, ya san abin da ya yi. A ɗakin can yakan zauna ya ce, Inna, da ban je ba. Ya fi sau nawa."

Maman Lauya ta ci gaba da cuɗa tukunyar. Ta yi tsammanin in ta taɓa jin irin wannan magana wani abu zai sauka daga ƙirjinta. Ba abin da ya sauka.

"Ni ya kamata ya faɗa wa," ta ce.

"Ke ya kamata. Na ce masa ya je, ya ce ba shi da fuskar."

Kafin su tafi Maman Lauya ta gaya mata zancen zaman Asabar, ta ce akwai masu shekarunta biyu a ciki. Tsohuwar ta ce ita me za ta je ta faɗa wa baƙi, amma ta tambayi lambar bas ɗin da ke zuwa wurin.

A hanyar komawa sun samu kujera a can baya. Rana ta yi sanyi, Auta ta yi barci a cinyar uwarta tun kafin a bar tasha. Lauya tana jikin taga, littafin a rungume. Suka wuce tasha uku.

"Buɗe ki rubuta," in ji Maman Lauya.

Yarinyar ta juyo.

"Lokacin ina da cikinki, ɗaki ɗaya muke, a saman bene, rana tana dukan rufin tun safe. Ƙafafuna suka kumbura, ba na iya barci don zafi. Ba mu da fanka. Sai ya samo injin wata tsohuwar na'ura a wurin aiki, ya yanka gwangwani ya yi mata fukafukai, ya kwana uku yana haɗawa yana hana ni leƙawa. Ranar da ya gama ya zaunar da ni a gado, ya ce in rufe ido. Da ya kunna, labule ya tashi ya fita ta taga, kalanda ta bar bango, ɗankwalina sai a kan kwanon miya. Ƙararta kuwa, maƙwabta suka fito suna tambaya ko jirgi ne ya sauka."

Bakin Lauya ya motsa kaɗan. "Sai aka yar?"

"Ina. Ya rage mata ƙarfi. Da ita na ƙarasa cikin, da ita kika yi barcinki na wata shida. In aka kashe sai ki farka ki hau tsala ihu."

Lauya ta rubuta, bas yana girgiza, rubutun yana hawa yana sauka. Da ta gama ba ta rufe littafin ba. Ta daɗe tana kallon shafin.

"Na ji abin da Kaka ta ce a kicin," ta ce. "Ina tune da shi ai. Kin tafi asibiti da ciki, kin dawo ba ciki ba jariri. Ba wanda ya ce min komai. Na ɗauka in na tambaya za a yi min faɗa."

Maman Lauya ta dube ta. Shekara huɗu da rabi tana ganin ta rufe maganar ruf, ashe yarinya 'yar shekara bakwai tana tsaye a gefe tana kallo.

"Ba za a yi miki faɗa ba. Laifina ne da ban gaya miki ba."

"Mace ce ko namiji?"

"Namiji."

"Kin gan shi?"

"Na gan shi. Sun ba ni na riƙe shi kaɗan. Gashinsa baƙi wuluk, mai yawa."

"Shi ya sa kika bar Baba?"

"Da shi a ciki. Sauran sai kin ƙara girma, zan gaya miki, ba zan ɓoye ba. Amma babanki yana son ku. Wannan ko ina fushi da shi ban taɓa shakka ba."

Lauya ta juya ga taga. Kafaɗunta suka fara rawa. Uwar ba ta da hannun da za ta rungume ta, ɗaya yana tallafe da kan Auta, ɗayan yana riƙe da jaka, sai ta matsa kawai har kafaɗarsu ta haɗu. Yarinyar ba ta janye ba.

Abubuwa ba su gyaru a rana ɗaya ba. Lauya ta koma magana a aji kaɗan-kaɗan, a gida kuma wata rana lafiya, wata rana ta wuni ba ta ce wa uwarta uffan ba. Tela ta yi sati biyu tana zama a ɗaya gefen ɗakin, a na uku ta gaishe ta a bakin ƙofa, iyakarta ke nan. Kaka ta zo a Asabar ta biyu bayan ziyarar, ta yi mitar hanya, ta yi mitar shayin, ba ta ce komai a kan ɗanta ba, amma ta dawo a ta gaba.

A ranar da tsohuwar ta fara zuwa ne Maman Lauya ta ba da labarin jaririn a gaban mutane, karo na farko. A taƙaice ta faɗa, idonta a ƙasa, muryarta ba ta canza ba. Da ta gama Sista ta tambaye ta ko akwai abin da take so a yi mata. Ta yi tunani, ta ce a'a, so take kawai a san an yi shi.

Ƙarfe goma sha biyu saura aka tashi. Aikinta ƙarfe ɗaya ne, ga bas biyu a gabanta. Ta tsaya a bakin ƙofar makaranta tana lissafin yadda za ta kai yaran gida ta juyo, sai Kaka ta ce ta bar mata su, za ta kai su, ta zauna da su har ta taso.

"Benenmu hawa biyu ne, Inna. Ga ƙafarki."

"Zan hau a hankali. Ba ni mukullin ki wuce, kada ki makara."

Ta ciro mukullin daga jaka ta miƙa mata, ta gaya wa Lauya inda ta ajiye abincin rana, sannan ta tsallaka titi ta nufi tasha.